Jan da Ya Gusa Ban Sani Ba

Zuwa ga ɗiyata Uwani,

Aminci da rahamar Allah su tabbata gare ki, su riga ki isa duk inda za ki sauka. Ina gaishe ki. Ina gaida mutanen gidan da kike zaune a Runjin Sambo, har da maigidan, Baffanki, don gaisuwa ba a rowarta ko ga wanda anka ɓata da shi.

Innarki ce ke riƙe da biro. Kin san ni ban taɓa zama aji ba, ita ko ta yi yaƙi da jahilci, kuma tun ran nan ba mu huta da jin labari ba. Na ce mata ta rubuta yadda na faɗa, kada ta sa mai, kada ta rage gishiri. In kin ga magana ta yi daɗi da yawa, hannunta ne.

An ce mini jirginku ranar Alhamis ne. Yau kwana goma sha tara ke nan da kika bar gidan nan, tun ranar da na tsaya a zaure, gaban Liman da maƙwabta, na ce in kin tafi karatun nan ƙasar waje ba da yawuna ba, kuma kada ki sake taka ƙofata. Na faɗa, kowa ya ji. Ba zan ce Shaiɗan ne ba, don Shaiɗan bai ari bakina ba, ni na buɗe shi da kaina. Maganar nan ita ta sa na zaunar da Innarki yau. Amma kafin in kai gare ta, akwai abubuwan da ban taɓa gaya wa kowa ba, kuma ina so ki ji su daga gare ni.

Kin tuna ranar da kika ɓata mini fata? Ni ban manta ba. Fatar jar akuya ce mai kyau, an jeme ta, tana da danshi, ina shirin sa ta rini. Kika dawo daga jami'a da la'asar, ƙafarki duk ƙasar Kwalkwalawa, na ce miki, "Wai ke, wanga karatu naki na shekara da shekaru, mi ake koya muku? Ɗiyar Malam Hali ta yi rabin naku, ga ta tana yi wa mutane allura."

Kika ce, "Baba, awon sama muke koyo."

Na ce, "To madalla. Kamu nawa ce?"

Kika yi dariya, kika ɗauki fatar kika shimfiɗa, kika tsoma tsinke cikin kuloko, baƙin rinin da nake wa ado da shi, kika ɗiɗɗiga mata ɗigo ko'ina. Kafin in buɗe baki kin gama. Kika ce kowane ɗigo garken taurari ne, taurari masu yawan da ba su ƙirguwa, can nesa inda ido ba ya kai. Kika ja wani zane mai lanƙwasa kamar sawun maciji daga ɗigo guda zuwa wani, kika ce wannan haske ne yana tafe. Sannan kika ce in kama gefe, Innarki ta kama gefe, ke ki kama naki, mu ja.

Munka ja. Ɗigon nan sunka buɗe daga juna. Waɗanda ke kusa sunka ɗan matsa, waɗanda ke nesa sunka yi tazara mai yawa. Sawun macijin nan kuma ya miƙe, lanƙwasarsa ta yi faɗi.

Kika ce, "Ka gani, Baba? Ɗigon ba su yi tafiya ba, fatar ce ta buɗe. Haka sararin sama yake buɗewa. Hasken da ke tafe cikinsa shi ma sai ya miƙe, kuma haske in ya miƙe, wajen ja yake karkata."

Na ce, "Ƙarya kike. Shekarata saba'in ina kallon sama, ban ga ta yi ja ba sai da almuru."

Kika ce ba da ido ake gani ba. Kika ciro wata takarda mai launi jere kamar bakan gizo, da wasu siraran layuka baƙaƙe a tsaye. Kika ce in an tara hasken garke da madubin hangen nesa, sai a tsaga shi ya zama haka. Kowane layi akwai abin da ke haifar da shi, kuma an san mazauninsa, don an gwada a nan ƙasa, an ajiye. In hasken ya zo daga nesa, sai a tarar layukan duk sun gusa wajen ja. Gwargwadon nisan garken, gwargwadon gusawar. Da haka ake sanin yadda sararin ke buɗewa.

Na ce, "To wa ya gaya muku sun gusa?"

Kika ce, "Layin nan na gida da anka ajiye. Shi ake ɗorawa kusa da shi. In babu shi, ba wanda zai san an motsa."

Na tsura wa fatar ido. Kin ɗauka fushin fatar ne, har kina cewa a yi haƙuri. Fatar ma na ji haushinta, kada ki ce ban ji ba. Amma abin da ya rufe mini baki daban ne, ga shi.

Kakanki, Allah ya jiƙansa, yana da wani ƙyallen jar fata bai kai tafin hannu ba. Yana naɗe shi cikin tsumma, ya sa cikin gwangwani, rana ba ta ganinsa. Shaida yake kiransa. Duk randa anka daka karan dafi anka yi rini, fatar farko in ta sha iska sai ya ciro shaida ya ɗora a kanta. In sun yi daidai, a ci gaba. In ba su yi ba, a gyara ruwan toka, a sake. Ya yi shekara hamsin yana rini, amma bai taɓa tsallake wannan ba. Ina saurayi na ce masa, "Baba, kai da ka san ja kamar sunanka, mi za ka yi da tsumma?" Ya ce, "Bawa, ido bara ne, wanda ya ci da shi yau shi yake wa biyayya."

Da ya rasu, majema ta dawo hannuna, ni da Baffanki Sahabi. A lokacin jan da nake fitarwa, dukawa har daga Kano suna aiko a ajiye musu. Kai ya kumbura. Na jefa gwangwanin cikin akwatin tsofaffin kaya na ce idona ya ishe ni.

Shekaru sunka tafi. Sai na fara ganin rinin yana fitowa a koɗe, kamar an wanke shi. Na ce karan dafin yanzu ba shi da ƙarfi, manoma sun lalace. Na ƙara ruwan toka, na ƙara barin fata cikin kwatarniya. Sai in ga ya yi daidai. Baɗi in ƙara kaɗan. Wata rana wani baduku da ya daɗe yana sayen kayanmu ya juya fata gaba da baya, ya ajiye, ya ce zai zagayo. Bai zagayo ba. Na biyu ma haka. Sai Sahabi ya same ni bakin kwatarniya, ya rage murya ya ce, "Yaya, janka ya mutu. Mu ciro shaidar Baba mu duba."

Uwani, da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Yaron da na koya wa riƙon wuƙar kankare gashi! Na ce masa shi ke zagayawa yana ɓata ni wurin masu saye don ya janye su. Na ce in yana ganin ya fi ni ido, ga hanya. Ya ce, "Yaya, dubawa kawai na ce a yi." Na ce ba za a duba ba. Ya kwashe kwatarniyarsa biyu ya koma Runjin Sambo, masu saye sunka bi shi, ni ko na ce kun gani, ai dama abin da ya shirya ke nan. Lokacin kina goye.

Kina aji shida na firamare anka yi mini aikin ido, anka cire yanar da ta rufe shi. Za ki tuna, ke kika riƙa yi mini ɗigon magani kina ƙirga wa da ƙarfi kamar mai tallar fura. Randa anka kwance bandejin na dawo gida, na shiga rumfa inda fatuna ke rataye. Na tsaya. Na ce wa ya kawo kayan wani ya rataye mini? Fatun nan ba ja ba ne. Sun yi duhu kamar hantar da ta kwana. Na je na tone akwati na ciro gwangwanin, na ɗora shaida a kai. Kamar ka ɗora garwashi a kan gawayi.

Idona ne ya yi ta dusashewa kaɗan kaɗan, ni kuma ina bin sa da rini. Kowace shekara bambancin bai kai a lura ba. Ba ranar da zan nuna in ce yau na ɓace.

To ga gargaɗina na farko. Aikinku da nawa, ashe uwarsu ɗaya. Duk ranar da kika ji kin ƙware, kika ji kin san mazaunin layukan nan da ka, ranar za ki fi buƙatar ciro na gida ki ɗora. Kada ki ji kunyar dubawa gaban yara. Kuma in wanda bai kai ki ba ya ce, "Mu duba," ki duba. Dubawa ba ta rage wa mai gaskiya komai. Wannan ba ga haske kaɗai ba. Can inda za ki, ba wanda zai ce ki bar salla rana ɗaya, ba wanda zai ce ki manta Hausa. Kaɗan kaɗan ne, yau a jinkirta la'asar don aiki, gobe a haɗa ta da magariba, kuma kowace rana za ki ga kamar jiya. Ki sami abin da za ki riƙa ɗora kanki kusa da shi. Ki kira Innarki ranar Juma'a, in ta ce muryarki ta sake, kada ki ce kunnenta ne.

Innarki ta ajiye biro tana kallona. Ta ce shekara goma sha huɗu ke nan da aikin idon, me ya sa ba ta taɓa jin wannan ba. Na ce ta rubuta, ai shi ne kuskure na biyu, kuma ya fi na farko muni.

Na gane gaskiyar Sahabi ran nan a rumfa. Daga ƙofata zuwa tasa, Keke Napep ba ya minti ashirin. Na ce gobe. Da gobe ta yi na ce ai shi ne ƙarami, shi ya kamata ya zo. Na gyara rinina a ɓoye, jan ya dawo, na bar mutane suna cewa Bawa ya sami sabon karan dafi. Munka riƙa haɗuwa wurin jana'iza da ɗaurin aure, ya ce, "Yaya, ina wuni," in ce, "Lafiya," in kau da kai. Matarsa ta yi jinya wata huɗu, na aika Innarki, ni ban je ba. Da farko rashin sani ne ya raba mu, wannan Allah yana yafewa. Daga baya da sanina na zauna a kai kamar kaza a kan ƙwan da ya ɓaci.

Ke za ki yi kuskure a awonki, tunda ɗan Adam kike. Za ki ce garke kaza nisansa kaza, a buga da sunanki, bayan shekara ki gano kin ɗora layi inda ba nan ba. Ranar da kika gano, ranar za ki faɗa. Kada ki bari ya kwana. Kuskure ɗanyar fata ne, in an sa masa gishiri da wuri ya zama kaya, in an naɗe an ɓoye, wari ne zai tona shi, kuma lokacin ba ya jemuwa.

Kada ki ɗauka na wanke Baffanki tas. Ban wanke shi ba. Da kika kai masa takardun tafiya, ya san ina raye, ya san inda nake, ya sa hannu a matsayin uba. Ko aike bai yi mini ba. Wannan ya ci mini rai kuma har gobe yana ci. Innarki ta ce in da ya aiko da na kori ɗan aiken. Wataƙila. Amma da ya aiko.

Maƙwabta ma ina sane da su. Waɗanda sunka riƙa zuga ni, wai ɗiya mace a ƙasar da ba dangi, wai leƙen asirin Ubangiji za ki yi, su ne yanzu ke cewa Bawa ya cika taurin kai. Na tambayi Liman a kan leƙen asirin. Ya ce duban halitta don a san girman Mai halitta ba laifi ba ne, ya ce tun farko da na tambaye shi da ya gaya mini, amma ban tambaya ba, na kira shi ne ya zama shaida. Shi ma da abin da zan ce game da shi, amma takarda ba ta da yawa.

Akwai sauran magana guda daga ranar fatar. Da munka saki, na sa yatsa a kan ɗigon da ke tsakiya na ce, "To mu nan muke, kowa na gudunmu."

Kika ce, "Zaɓi wani, Baba." Na zaɓi na gefe. Munka sake ja. Shi ma duk sauran sunka nisance shi. Kika ce, "Ko wanne ka tsaya a kai, haka za ka gani. Kowa zai rantse shi ne a tsakiya, shi ake gudu."

Na ce wannan maganar banza ce, na tashi na yi alwala. Amma ta bi ni masallaci. Shekara ashirin da wani abu ina ƙirga waɗanda sunka guje ni. Sahabi, masu saye, yayyenki maza da sunka ce warin majema ya ishe su, ɗaya na Dundaye yana gyaran babur, ɗaya na Abuja. Da kika zo da maganar tafiya, ban ji karatu ba, ban ji sama ba, abin da na ji kawai shi ne ga ta ƙarshe ita ma ta juya baya. Ban taɓa tsayawa a ƙofar Sahabi na dubo nan ba. Daga can, ni ne wanda ya yi nisa.

Na kuma tambaye ki ran nan, ina gatse, ko gidan nan ma buɗewa yake, in shirya ƙarin ɗaki. Kika ce a'a. Kika ce abin da ke riƙe da juna ba ya buɗewa, taurarin da nake gani da ido duk garkenmu ne, suna jan juna, suna nan tare. Tsakanin garke da garke ne ke faɗi. Ban san ko na fahimce ki daidai ba. Abin da na ɗauka shi ne, nisa ba ya cin abin da anka riƙe. Wanda anka saki shi yake ci.

Saura ƙananan abubuwa. An ce akwai sanyi can, ki sa safa, kada ki yi jarumtar banza. Ki tambayi alƙibla ranar da kika sauka. Kada ki ci abin da ba ki san sunansa ba don kunyar mai gida. In sun tambaye ki sana'ar ubanki, kada ki ce ɗan kasuwa ne, kamar yadda na ji kin gaya wa wata ƙawarki a waya. Da kunnena na ji. Majemi ne, marinin fata, hannunsa ja har cikin farce. Ki faɗa haka, in sun toshe hanci su toshe. In kin ga jaka ko takalmi a shagunansu an ce fata ce, ki shinshina, rabi roba ne.

Kuma in kin gama awon, ki zo ki gaya mini da Hausa. Ban yarda da ilimin da ba ya iya zama a kan tabarma ba.

Yanzu maganar zaure. Innarki ta ce in faɗa nan ta rubuta, a wuce wurin. Na ce a'a. Abin da anka ɗaura gaban mutane ba a kwance shi cikin ambulan. Da bakina na ce ba da yawuna ba, mutane na tsaye, da bakina zan janye, mutane na tsaye. Na gaya wa Liman, na gaya wa Malam Hali, da sauran waɗanda sunka ji ta farko. Ranar Laraba bayan la'asar za mu zo Runjin Sambo.

Ki gaya wa Baffanki ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gida. Kada ya yanka komai, ba biki na zo ba. Ki gaya masa ina da magana da shi shi ma, gaban mutanen nan, a kan wani rini, zai gane. In ya ga dama ya ce ai ya faɗa, ya ce, sau ɗaya. In ya maimaita zan tashi.

Ke kuma ki fito da mayafinki ki durƙusa inda hannuna zai kai kanki. Ƙofar da na ce kada ki taka, taki ce, da rani ko da damina, da miji ko ba miji, da takardar shaida ko babu.

Allah ya tsare ki a sama da ƙasa. Ya kai ki lafiya, ya haɗa ki da mutanen kirki, ya kau da idon mugu daga kanki. Ya buɗe miki abin da kika je nema, ya hana shi kumbura miki kai. Ya sa in ga dawowarki da idon nan da anka gyara, in kuma ban gani ba, ki sani tun yau babu komai tsakanina da ke sai albarka. Sauran sai Laraba.

Mahaifinki,
Bawa Majemi